Awon matsin jini a ƙafa: ko na'ura mai auna da kanta za ta wadatar a bincike?

Likita_Mai_Koyo

Assalamu alaikum, malamaina da abokan aiki. Ina shirya binciken kammala horon ƙwarewa, kuma abin da nake son ganowa shi ne yawan masu cushewar jijiyoyin jinin ƙafa a cikin masu ciwon suga da ke zuwa ganin likita a sashenmu. Ma'aunin da zan dogara da shi shi ne ABI, wato a raba matsin jinin idon sawu da na damtse, duk wanda sakamakonsa ya tsaya a 0.90 ko ƙasa da haka a sa shi cikin masu cutar. A gwajin share fage, mataimakana biyu sun auna dattijo ɗaya da Dofla ta hannu, wato 'yar na'urar da ake sauraron gudun jini a jijiya da ita, a safiya ɗaya, na farko ya samu 0.87 a ƙafar dama, na biyu ya samu 1.01 a wannan ƙafar. A takardar ɗaya mutumin yana da cuta, a takardar ɗayan lafiyarsa ƙalau. Wannan ya sa nake tunanin ko in ajiye Dofla in ɗauki na'urar awon hawan jini mai aiki da batir, wadda muke ɗaurawa a hannu kullum, in ɗaura ta a idon sawu, tunda ita ba ta da kunnen da zai yi kuskure. Shin masu duba kundina za su karɓi wannan? Idan kuma ba za su karɓa ba, yaya zan rage wannan saɓani?

Baba_Likita

Wa alaikumus salam, Dakta. Kafin a kai ga na'ura, ina so in ji yadda aka kwantar da dattijon, domin saɓani mai girman wannan yawanci daga gado yake farawa. A shekarar 2012 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka (AHA) ta fitar da bayani na musamman kan wannan awo, wanda Victor Aboyans ya jagoranci rubuta shi, kuma har yau shi ne abin da yawancin masu bincike ke bi. Mai haƙuri zai kwanta rigingine, kai da dunduniya duka a kan gado, ya huta minti 5 zuwa 10 ba tare da hira ba, kuma ya kasance bai sha taba ba na aƙalla awa 2. Faɗin ɗamarar awo ya kai aƙalla kashi 40 cikin 100 na kewayen ƙafar, a ɗaura ta a miƙe daidai saman ƙashin idon sawu, ba a karkace ba. A shafa jel, a riƙe kan Dofla a kwance kaɗan, tsakanin digiri 45 da 60, a busa iska a ɗamarar har sautin ya ɓace, a ƙara 20 mmHg (ma'aunin da ake ƙirga matsin jini da shi), sannan a sassauta a hankali har sautin ya dawo. Akwai kuma jeri: damtsen dama, jijiyar bayan idon sawun dama, jijiyar gadon ƙafar dama, sai a tsallaka ƙafar hagu a yi haka, sai damtsen hagu, a ƙarshe a koma damtsen dama a sake. Dalilin komawar shi ne awon farko yakan hau saboda fargaba, don haka idan ya bambanta da na ƙarshe da fiye da 10 mmHg, sai a jefar da na farkon. Ki tambayi mataimakanki ɗaya bayan ɗaya, ba a gaban juna ba, su kwatanta miki abin da suka yi.

Likita_Mai_Koyo

Na gode, ranka ya daɗe. Na tambaye su. Na farko ya auna shi a kwance sosai, na biyu kuma ya ɗaga masa kan gadon saboda dattijon ya ce bayansa na ciwo, kuma bai jira hutun ba tunda a ganinsa an riga an huta.

Baba_Likita

To, ga babban ɓangaren amsarki nan. Duk santimita 10 da idon sawu ya sauka ƙasa da zuciya yana ƙara wajen 7 zuwa 8 mmHg a awon ƙafa, saboda nauyin jinin da ke tsaye a kansa. Wanda aka auna a zaune sosai, sakamakonsa na iya hawa da kusan 0.3, abin da ya isa ya mayar da mai cuta bayyananniya lafiyayye. Na'ura mai batir ba za ta gyara wannan ba, domin ita ma abin da ta tarar za ta auna.

Injiniyan_Asibiti

Ina gaisuwa ga likitoci. Ni aikina gyara da daidaita kayan awo ne, kuma ina so in yi magana kan zaton cewa na'ura mai aiki da kanta ba ta kuskure. Wannan na'ura ba ta jin dawowar jini kamar yadda Dofla ke ji. Abin da take ji shi ne girgizar iska a cikin ɗamara, ta nemo inda girgizar ta fi ƙarfi, wanda yake kusa da matsakaicin matsi, sannan ta ƙiyasta lambar sama da ta ƙasa da wani lissafi da kamfanin ya ɓoye a cikinta. Wannan lissafi an gina shi ne a kan damtse, inda ƙashi ɗaya ne da babbar jijiya ɗaya. A idon sawu ƙasusuwa biyu ne, jijiyoyi uku, ga agara a baya, ga kuma siffar ƙafar da ke tsukewa zuwa ƙasa. Idan jini ya yi ƙaranci a ƙafar, girgizar takan yi rauni, sai na'urar ko dai ta ba da lamba sama da gaskiya, ko ta nuna alamar kuskure ta sake iska. Ke nan tana fin yin kuskure a kan ainihin mutanen da binciken ke nema. Haka kuma ba za ta faɗa miki wace jijiya ta auna ba, kuma mai bugun zuciya maras tsari yana ƙara rikita ta.

Sista_Rakiya

Injiniya ya yi gaskiya, amma ina so a dubi halin da ake aiki a ciki. Ranar masu ciwon suga, layi yakan kai har baranda tun kafin ƙarfe takwas, kuma awon Dofla cikakke, da hutunsa da awo bakwai, ba ya kasa minti 20 ga mutum ɗaya idan an yi shi yadda Baba ya faɗa. Ma'aikacin da aka bar shi da mutum talatin a rana, kafin azahar hannunsa ya gaji, sai ya riƙa sakin iska da sauri. A irin wannan yanayi ban tabbata Dofla a hannun gajiyayye ta fi na'ura ba. Akwai kuma na'urorin da aka ƙera musamman domin wannan awo, irin su MESI da WatchBP Office ABI na Microlife, waɗanda ke auna hannu da ƙafa a lokaci guda. Su ma a jefar da su?

Injiniyan_Asibiti

Sista, ban ce a jefar da su ba, kuma sun fi na'urar damtse da aka ara aka ɗaura a ƙafa nesa ba kusa ba. Auna hannu da ƙafa a lokaci guda ma fa'ida ce ta gaske, domin matsin jini yana canzawa daga minti zuwa minti. Sai dai ko a Ingila, hukumar NICE mai ba da shawara kan hanyoyin kula da lafiya, da ta duba irin waɗannan na'urori a 2023 domin masu gyambon ƙafa, ta ce hujjar da ke akwai ba ta isa a mayar da su abin amfani na yau da kullum ba, ta nemi a ƙara bincike. Idan Dakta tana son amfani da su, sai ta fara kwatanta su da Dofla a kan mutanenta.

Dan_Lissafi

Zan shigo ta ɓangaren alƙaluma, domin a nan ne bincike yake tsayawa ko ya faɗi. Da farko, maganar da Sista ta yi kan sakin iska da sauri ba ƙarama ba ce. Mutumin da zuciyarsa ke bugawa sau 60 a minti, bugu ɗaya ke nan a daƙiƙa. Idan ana sakin 10 mmHg a daƙiƙa, allura na iya wuce ainihin lambar da kusan 10 kafin a ji bugun farko, shi ya sa ake so a saki 2 zuwa 3 kawai a daƙiƙa. Na biyu, akwai ɗabi'ar cike lamba zuwa sifili, wadda kusan kowane ma'aikaci ke da ita ba tare da ya sani ba. A ɗauka idon sawu 134 ne, damtse 146. Sakamakon 0.92 ne, mutumin yana kan iyaka amma bai shiga cikin masu cuta ba. Idan mai awo ya rubuta 130 da 150, sakamakon ya zama 0.87, mutumin ya shiga. Babu wanda ya yi ƙarya, amma adadin masu cutar a kundinki ya canza. Ki riƙa duba takardun duk mako, ki ƙirga lambobin da suka ƙare da sifili. Idan ana karantawa bibbiyu, bai kamata su wuce kusan ɗaya cikin biyar ba, idan kuwa kika ga sun kai rabi, sai a sake horo.

Shawarata ita ce kada mataimaki ya yi rabawa da kansa. Ya rubuta ɗanyun lambobin bakwai kawai, kwamfuta ta yi lissafin daga baya, domin wanda ya san 0.90 ce iyaka kuma yana ganin mutum da gyambo a gabansa, kunnensa zai ji abin da zuciyarsa ke tsammani. Sannan kafin a fara tattara bayanai, a ɗebi mutum 25 ko 30, har da waɗanda aka san suna da cutar, kowane mataimaki ya auna su ba tare da ganin takardar ɗan'uwansa ba, kowanne kuma ya maimaita a wata rana. A zana bambancin ta hanyar kwatanta ma'aunai biyu da masana alƙaluma Bland da Altman suka bayyana a 1986, kada a tsaya ga nuna cewa lambobin suna hawa da sauka tare, domin ma'aunai biyu na iya tafiya tare alhali ɗaya kullum ya ɗara ɗayan da 15 mmHg.

Dr_Damagaram

Gaisuwa daga Nijar. Ina goyon bayan Malam Dan_Lissafi, kuma zan ƙara abu ɗaya game da alamar kuskure da Injiniya ya ambata. Idan na'ura ta kasa karanta ƙafa, kada a rubuta cewa bayani ya ɓata a cire mutumin daga lissafi. Kasawar tata sau da yawa alama ce cewa jinin ya yi ƙasa sosai, saboda haka cire waɗannan mutane yana rage yawan masu cutar da ƙarfin tsiya. A rubuta kasawar a matsayin sakamako mai zaman kansa, a tura mutumin ga Dofla. Kuma ga masu cewa ba za a iya yin Dofla a yanayinmu ba, binciken EPIDEMCA da masana daga Limoges ta Faransa suka yi da abokan aikinsu a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Jamhuriyar Kongo, a birni da ƙauye, a kan dattawa masu shekara 65 zuwa sama, da wannan awo aka yi shi, kuma ya samu cutar a kusan kashi 15 cikin 100. Ba su fi mu wutar lantarki ba.

Likita_Mai_Koyo

Allah ya saka da alheri. Na gamsu zan zauna a kan Dofla. Sai dai yanzu wata tambayar ta taso mini daga jerin da Baba ya kawo: tunda kowace ƙafa tana da lambobi biyu, ta bayan idon sawu da ta gadon ƙafa, wacce zan raba da ta damtse?

Baba_Likita

Mafi girma daga cikin biyun, a raba ta da mafi girma daga cikin damtse biyu. Dalilin ɗaukar damtse mafi girma shi ne jijiyar da ke ciyar da hannu ma tana iya cushewa a ƙarƙashin ƙashin wuya, sai matsin wannan hannun ya sauka, ya sa ƙafa ta yi kamar lafiyayya. Bambancin da ya wuce 15 mmHg tsakanin hannaye biyu abin lura ne shi kansa. A ƙafa kuma ana ɗaukar mafi girma ne domin kada a ɗora wa mutum cutar da ba shi da ita, musamman tunda akwai mutanen da aka haifa jijiyar gadon ƙafarsu ƙarama ce ƙwarai ko ma babu ita sam.

Mai_Binciken_Zuciya

Ranka ya daɗe, da girmamawa, a nan ina da ja. Abin da ka faɗa daidai ne ga likitan da ke son yanke hukunci a kan mutum ɗaya da ke gabansa, amma mai bincike yana da wata buƙatar. Ga misali: damtse 148, bayan idon sawu 142, gadon ƙafa 118. Da mafi girma sakamakon 0.96 ne, da mafi ƙanƙanta 0.80 ne. Wannan mutum yana da jijiya ɗaya da matsinta ya faɗi a fili, amma hanyarka ta wanke shi. A masu ciwon suga kuwa, cutar ta fi kama jijiyoyin ƙasan gwiwa, kuma ba lallai ta kama su daidai wa daida ba. Shi kansa bayanin 2012 ya yarda cewa amfani da lamba mafi ƙanƙanta yana kamo ƙarin mutanen da ke cikin haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Kuma kada mu manta wannan awo ba na ƙafa kaɗai ba ne: babban nazarin da aka buga a mujallar JAMA a 2008 ya nuna cewa mai sakamakon 0.90 ko ƙasa, haɗarin mutuwarsa cikin shekara 10 yana kusan ninka na wanda ba haka ba.

Baba_Likita

Dakta, ban musanta ba, amma ka tuna tambayar da aka yi. Mai binciken yawan masu cutar take nema, kuma za ta kwatanta adadinta da na wasu. Ƙiyasin da Fowkes da abokansa suka buga a mujallar Lancet a 2013, cewa mutum miliyan 202 ne ke da cutar a duniya a 2010, kusan kashi 70 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, an gina shi ne a kan iyakar 0.90. Idan ta zaɓi hanyar da ke kumbura adadi, wani zai karanta ya ce cutar ta fi yawa a wurinmu, alhali hanyar lissafi ce ta bambanta.

Dan_Lissafi

Wannan saɓani na malamaina biyu ba ya buƙatar ƙarin awo ko ɗaya. Tunda ɗanyun lambobin za a rubuta, ta bayyana tun a takardar shirin bincike cewa mafi girma ce babbar hanyarta, sannan ta ba da sakamakon mafi ƙanƙanta a jadawali na biyu. Abin da ba zai halatta ba shi ne a ga sakamako tukuna sannan a zaɓi hanyar da ta fi daɗi.

Likitar_Ƙoda

Har yanzu ba a taɓo abin da ya fi damuna ba, kuma shi ne zai fi cizon wannan bincike tunda masu ciwon suga ne. A cikin waɗanda suka daɗe da suga, da masu ciwon ƙoda, da tsofaffi sosai, bangon jijiya yakan tara sinadarin ƙashi ya sandare, kamar tiyon ruwa da rana ta busar, ka taka shi amma ba ya lotsawa. Ɗamara sai ta matsa fiye da ainihin matsin jini kafin ta rufe jijiyar, wani lokaci a busa har 250 mmHg ko sama ana ci gaba da jin sauti. Sakamakon da ya haura 1.40 kowa ya san ba a yarda da shi. Haɗarin yana ga wanda jijiyarsa ta ɗan sandare kuma ta cushe a lokaci guda, sai abubuwan biyu su kashe juna, a samu 1.05, a sallame shi a matsayin lafiyayye. Na ga mai wankin ƙoda da yatsarsa ta fara baƙi, sakamakonsa kuma yana cikin abin da ake kira daidai. Mafita ita ce awon babban yatsan ƙafa, domin jijiyoyin yatsa ba su cika sandarewa ba. Ana amfani da ƙaramar ɗamara da ɗan firikwensin haske, a raba da matsin damtse, ƙasa da 0.70 a ɗauke shi a matsayin cuta. Idan babu wannan kayan, aƙalla a koya wa mataimaka sauraron sautin Dofla: lafiyayyar jijiya sautinta kaifi ne mai gaɓa biyu ko uku, mai cuta kuwa sautinta gaɓa ɗaya ce mai ja da laushi. A yi gurbi a takarda a rubuta shi. Ina kuma roƙo kada a ɗaura ɗamara a hannun da aka yi wa aikin haɗa jijiya domin wankin ƙoda.

Sista_Rakiya

Kan maganar yatsa, akwai abin da ke faruwa a nan wanda littafi ba zai faɗa ba. Lokacin hunturu, dattijon da ya taso tun asuba a kan babur da silifa, yatsunsa sukan iso da sanyi ƙarara, jijiyoyin sun tsuke, kuma awon yatsa a wannan hali zai sauka ba don cuta ba. Mukan rufe ƙafafun da bargo a lokacin hutun. Sannan maza da yawa sukan naɗe wando su tura shi sama da sha-raɓa har ya ɗaure ƙafar tamkar wata ɗamarar, gara a ba su zane su saki wandon. Mata kuma, da yawansu ba za su miƙe rigingine a gaban namiji su natsu ba, kuma wadda ba ta natsu ba matsin jininta ba zai zauna ba, don haka a samu mace cikin masu awo da labule mai kyau. Ga kuma lalle, wanda yake daidai inda ake ɗora firikwensin hasken. Ni dai ina ganin a rubuta ko akwai shi, musamman baƙin, domin a iya dubawa daga baya ko ya shafi karatun.

Dr_Damagaram

Bayanin Amurkan ya ce ɗaki ya kasance tsakanin digiri 19 da 22. A watan Afrilu a Damagaram ko Sakkwato, ɗakin da babu na'urar sanyaya iska ya fi haka nesa. Ba za mu fasa bincike saboda wannan ba, amma a rataya ma'aunin zafi a bango a rubuta zafin ɗakin da lokacin awo a kowace takarda. Haka nan a tambayi goro da shayi da taba ta shaƙa, ba sigari kaɗai ba, kuma idan tattara bayanan zai ratsa cikin watan azumi a nuna hakan.

Injiniyan_Asibiti

Tunda an koma ga Dofla, to a tuna Dofla kunne ce kawai, lambar daga ma'aunin matsi take fitowa. Na'urorin zaiba ana janye su tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan rage amfani da zaiba, mai allura kuma da ta maye gurbinsu tana gocewa idan ta faɗi ƙasa ko ta daɗe ba a duba ta ba. Allura na iya zama a kan sifili amma ta yi kuskure a 150. A daidaita ta kafin a fara, a sake duk wata shida, kuma ma'auni ɗaya za a yi amfani da shi a hannu da ƙafa ga mutum ɗaya, domin idan yana da 'yar gociya, rabawar za ta rage tasirinta. Kan Dofla ya zama mai mitar sauti 8 zuwa 10 MHz. Wanda ake sauraron zuciyar jariri da shi a ɗakin awon ciki 2 ko 3 ne, an yi shi domin zurfi, ba zai kama jijiyar da ke ƙarƙashin fata da kyau ba. A tanadi ɗamara aƙalla girma uku, saboda ƙaramar ɗamara a kumburarriyar ƙafa tana ƙara lamba.

Ummu_Khalil

Ni ma'aikaciyar gashin ƙashi da motsa jiki ce, kuma tambayata ita ce: yaya za a yi da wanda ke cewa sha-raɓarsa na ɗaurewa idan ya yi tafiya zuwa masallaci, ya tsaya ta saki, amma sakamakonsa a kwance 0.97 ne? A binciken nan lafiyayye ne ko mai cuta?

Mai_Binciken_Zuciya

Hajiya, irin wannan shi ake yi wa awo bayan motsa jiki. A sa shi tafiya a kan injin tafiya, ko idan babu, ya dafa bango ya riƙa ɗaga dunduniya yana saukewa har sau 50 ko har ciwon ya zo, sannan a kwantar da shi a auna nan take. Idan matsin idon sawu ya faɗi da fiye da 30 mmHg, ko sakamakon ya ragu da fiye da kashi 20 cikin 100, akwai cushewar da hutu ke ɓoyewa. Ban ce a yi wa kowa ba, amma masu 0.91 zuwa 0.99 da ke da wannan koke sun cancanta. Ga tambayoyin ciwon tafiya kuma akwai takardar Edinburgh ta 1992, sai dai idan za a mayar da ita Hausa dole a gwada ta tukuna, kuma masu suga da jijiyar jinsu ta mutu ba sa jin ciwon ko da cutar na nan. Zan kuma ƙara wa muhawarata da Baba gishiri: binciken MESA a Amurka ya samu cewa ko a cikin masu lafiya, sakamakon baƙaƙen fata yana ƙasa da na farare da kusan 0.02, na mata ma yana ƙasa da na maza da kusan haka. Bambancin ƙarami ne ga mutum ɗaya, amma idan mutane da yawa suna cunkushe a bakin iyaka, yana iya motsa adadi.

Baba_Likita

Wannan gaskiya ne, amma 0.02 ba ta kai ko kusa da kuskuren da ɗaga kan gado ke jawowa ba, don haka a fara da gadon. Abin da zan ƙara shi ne duk wanda ya samu tsakanin 0.80 da 1.00 a sake auna shi, kuma idan za a bi mutanen nan gaba, canjin da bai wuce 0.15 ba kada a kira shi ci gaban cuta. Kada a matsa ɗamara a kan gyambo a buɗe sai an rufe shi da abin da ruwa ba ya ratsawa, kada a matsa a kan jijiyar da aka dasa, kuma ƙafar da ta kumbura farat ɗaya tana zafi, a bar ta a kira likita.

Likita_Mai_Koyo

Na gode ƙwarai, malamaina. Zan kai wa mai duba aikina shirin Dofla da mataimaka biyu, mace da namiji, mutum goma sha biyu kawai a rana saboda abin da Sista ta faɗa, da gwajin daidaito kafin farawa. Kayan awon yatsa ne ba ni da tabbacin kuɗin binciken zai ɗauka. Idan ban same su ba, waɗanda suka haura 1.40 in cire su daga lissafi ne, ko in bar su?

Likitar_Ƙoda

Kada ki cire su, Dakta. A masu suga, da yawa daga cikinsu suna da cushewa a ƙarƙashin sandarewar, kuma haɗarinsu na zuciya ma yana sama. Ni da zan haɗa su da masu 0.90 zuwa ƙasa a matsayin masu sakamako maras kyau.

Dan_Lissafi

A nan ban bi Likitar Ƙoda ba. Haɗa su yana nufin an kira su masu cushewa ba tare da an nuna ta ba, kuma adadin ba zai kwatantu da na kowa ba. Su tsaya a rukuninsu na uku, a faɗi yawansu a fili, a ba da adadin masu cutar sau biyu, da su a cikin jimla da kuma ba tare da su ba. Idan kuma akwai sashen hoto da zai yarda ya duba ko da rabinsu da na'urar duban jijiya, Dakta ta nemi wannan izini tun yanzu ta sa shi a takardar da za ta kai wa kwamitin ɗa'ar bincike, domin ƙara shi bayan an amince yana nufin sake bin layi.